Sitiyarin Lantarki Mai Liƙewa: Kada Ku Jira Sai Fitila Ta Kama



Duk shekara idan bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, akwai ƙorafin da ke yawaita a garejinmu, musamman daga masu ƙananan motocin gudun nan masu ƙofa biyu da ake shigowa da su daga Amurka da Turai. Mai mota zai ce: "Oga, da safe lafiya lau take. Amma da rana in na hau babban titi, sai sitiyarin ya riƙa cijewa a tsakiya, in na ɗan matsa masa kuma sai ya saki gaba ɗaya." Kafin ya iso wurinmu an sa wa motar kwamfuta ba a ga komai ba, an yi alaimen, an canza taya, wani ma har an sa shi ya sayi rak, amma abin na nan. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a fili, domin cuta ce da ke ɓuya wa na'ura, kuma tana iya jefa mutum a rami.

Yadda sitiyarin yake aiki

Tsohon sitiyari da muka saba da shi famfo ne da mai da bel. Na lantarki ba ruwansa da mai. Akwai sensa a jikin sandar sitiyari da ke auna ƙarfin da hannun direba ya sa. Kwamfuta ta karɓi wannan awo, ta haɗa da gudun da motar ke yi, sannan ta umarci wani ƙaramin injin lantarki ya taya direba juyawa. Injin yana juya wani ƙarfe mai zare, shi kuma zaren yana cizon haƙoran wata giya zagayayyiya. Haƙoran nan galibi na roba mai tauri ne, don kada ƙara ta dami na cikin mota.

Suzuki ne ya fara sa wannan tsari a motarsa Cervo a 1988. Daga baya ya shiga motocin gudu: Honda NSX a 1990, S2000 a 1999, BMW Z4 a 2002, har Porsche 911 a 2011. Yau da wuya ka ga sabuwar ƙaramar mota mai famfon sitiyari.

Inda matsalar take

Tsakanin ƙarfen nan mai zare da haƙoran roba akwai 'yar tazara da giris ke kwanciya a ciki. In tazarar ta yi yawa, sitiyari zai yi wasa yana ƙwanƙwasa. In ta matse, zai cije. Roba kuwa ta fi ƙarfe buɗewa idan ta ji zafi, kuma tana shan laima. Motar da ta wuni a rana gilasai a rufe, zafin cikinta yakan wuce digiri 60. Sai roba ta kumbura, ta matse girisin ya fice, ƙarfe da roba su rungumi juna.

Duk wanda ya taɓa tura ƙofar katako da damina ta kumbura ya san sauran labarin: ka tura a hankali ta ƙi, ka ƙara ƙarfi ta ɓalle har ka kusa faɗawa ciki. Haka sitiyarin yake yi. A cikin gari ba ka ji sosai, saboda juyin manya ne kuma injin yana taimakawa da ƙarfi. A babban titi kuwa kwamfuta da kanta take rage taimakon don motar ta natsu, kuma gyaran da hannu ke yi bai wuce na ɗan yatsa ba. A nan cijewar ke fitowa. Motar gudu kuma ɗan juyi kaɗan yana karkatar da tayoyinta fiye da na motar gida. Mai tafiya a kilomita 120 a awa yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Ka ƙiyasta abin da sakin sitiyari ba zato zai haifar a lokacin da kake gefen tirela.

Kwamfutar mota tana lura da wuta da sensa da waya. Gogayyar roba da ƙarfe ba ta cikin abin da take gani, don haka fitila ba za ta kama ba, na'urar bincike kuma za ta ce komai lafiya.

Wannan abu sananne ne a ƙasashen da ake ƙera motocin. Masu BMW Z4 na farko, musamman ƙirar 2003 zuwa 2006, sun daɗe suna kuka da shi a lokacin zafi. Injin sitiyarinta yana jikin sanda ne a ƙarƙashin dashbod, inda zafin cikin mota ke samunsa kai tsaye. A Oktoban 2024 kuma Honda ya kira motoci kusan miliyan 1.7 a Amurka, ƙirar 2022 zuwa 2025, ciki har da Civic da Civic Type R da CR-V da HR-V da Acura Integra. Dalilin da aka bayar shi ne giyar tana kumbura, giris yana raguwa, kuma sifirin da ke danna zaren ya yi ƙarfi da yawa. Maganin da aka yi shi ne canza sifirin da gyara girisin. Irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasarmu, wasu ba a kai su an yi musu gyaran ba. In taka ta fito daga Amurka, ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ka saka a shafin hukumar NHTSA, za ta nuna maka ko akwai kiran da ba a amsa ba.

Yadda nake bincike

Ba kowane sitiyari mai cijewa ne laifin giyar ba, shi ya sa nake farawa daga abu mai araha. Iskar taya da alaimen su ne farko. Sai batir: ya nuna kusan bolt 12.6 mota a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 injin na aiki. Injin sitiyari mai jan wuta ne sosai, raunin batir ko tsatsa a wayar ƙasa yana sa taimakon ya riƙa zuwa yana ɗaukewa.

Daga nan sai in ɗaga gaban motar a jak, injin a kashe, in juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe da yatsu biyu. In taurin yana dawowa a wurare guda a kowane zagaye, gaɓar sandar da ke sauka zuwa rak ce ta bushe. In akwai ƙara daga saman shokazoba, boris ɗin wurin ne. Ina duba boljoyin da robar rak, domin in ta yage ƙura da ruwa sun shiga. In duk waɗannan lafiya suke, sai in raba sandar da rak in gwada kowanne shi kaɗai. Kafin a raba, a ɗaure sitiyarin kada ya juya, in ba haka ba siririyar wayar iyabag da ke naɗe a bayansa za ta tsinke.

Babban sharaɗi shi ne a gwada motar da zafinta. Abokin sana'a, in ka gwada ta da sanyin safiya ka ce wa mai ita ba komai, ba ka gwada ba. Ka bar ta a rana, ka fita da ita bayan azahar, a miƙaƙƙen titi.

Gyaran kansa

In an tabbatar giyar ce, a cire kan batir a jira 'yan mintuna kafin a taɓa komai kusa da iyabag. A Z4 akwai wani zobe tsakanin injin da gidan giyar, wanda raminsa ba a tsakiya yake ba; juya shi yana matso da zaren ko ya janye shi. A yi masa alama da fenti tukuna, a sassauta kusoshin, a motsa shi 'yan milimita kawai, a ɗaure, a gwada. In aka wuce gona da iri, cijewa za ta tafi wasa ya maye gurbinta, shi ma haɗari ne. A motar da ba ta da wannan zobe, sai a buɗe a wanke tsohon giris, a duba haƙoran. In sun cinye ko sun tsage, canji ne kawai.

Giris kuma a sa wanda aka yi don roba. Baƙin girisin boris da man inji da man feshin kwance tsatsa suna iya lalata robar ko su wanke ɗan abin da ya rage, motar ta yi sauƙi na 'yan kwanaki sannan ta dawo fiye da da. Bayan an haɗa, a saita sensar sitiyari da kwamfuta. Wanda kuma zai sayi na gwanjo a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya dace da lambar kayan, kuma ya sani na gwanjon ma yana iya zuwa da cutar.

Gare ku masu mota

In sitiyari ya cije muku a hanya, ku rage gudu a hankali, hannu biyu a kansa, kada ku fizga. Ku daina doguwar tafiya da tsakar rana har sai an duba. Ajiye mota a inuwa da rufe gilashin gaba suna rage abin, amma ba su warkar da shi. Idan kun je gareji, ku faɗi lokacin da yake faruwa, da gudun da kuke yi, da ko motar ta sha rana. Wannan bayanin ya fi amfani ga bakanike fiye da duk abin da na'ura za ta nuna.

Mu kuma masu gyara, sitiyari da birki amanar rayuka ne a hannunmu. Wanda bai taɓa buɗe irin wannan ba, ya tura motar wurin wanda ya iya, ya bi ta ya tsaya ya koya. Allah Ya kiyaye mana hanya.