Bambancin Kaifin Hadda Tsakanin Almajirai da Dabarun Ƙarfafa Ta

Ya ƴan'uwa malamai da iyaye, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da muke gani kullum a makarantun allo na Madarunfa da kewayenta. Yara biyu za su zauna gaban malami ɗaya, a rubuta musu allo ɗaya, wannan ya wanke cikin kwana biyu, wancan ya yi mako yana fama. Sau da yawa sai a kira na biyun daƙiƙi, a haɗa masa da bulala, har ya gudu ya bar karatu. Wannan hasara ce babba.

Na farko, mu san cewa abin da ido ke ɗauka a duba ɗaya ƙanƙani ne. A shekarar 1997, masana biyu a Amurka, Steven Luck da Edward Vogel, suka riƙa nuna wa mutane ƴan siffofi masu launi cikin ƙiftawar ido, su ɓoye su, sa'an nan su sake nunawa suna tambaya ko wani abu ya canza. Suka tarar galibin mutane ba sa riƙe fiye da abu uku ko huɗu. A 2005 kuma Vogel da abokan aikinsa suka nuna cewa masu riƙo da yawa sun fi iya kawar da hankalinsu daga abin da bai shafe su ba, masu ƙarancin riƙo kuwa sukan cika ma'ajiyarsu da tarkace. Ashe wani yaron hayaniya ce ke cin rabonsa.

Na biyu, dabara tana faɗaɗa wannan ƙaramar ma'ajiya. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka gwada gwanin darar Turawa. Idan an jera ƴaƴan dara kamar yadda suke a wasa na gaskiya, yakan tuna da yawa bayan duba na ƴan daƙiƙoƙi. Idan an watsa su barkatai, sai fifikonsa a kan ɗan koyo ya kusan gushewa. Dalili shi ne yana ganinsu ƙungiya-ƙungiya. Alarammominmu sun daɗe a kan wannan hanya: an raba Alƙur'ani izu 60, kowane izu sumuni 8, ga kuma ilimin harji da ke tattara wurare masu kama da juna don kada su rikice wa mai tilawa.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka:

1. A auna wa kowane yaro allonsa gwargwadon ƙarfinsa. Layi uku da suka zauna sun fi goma da suka zube.

2. A lura da ƙofar da karatu ke shiga masa. Wani yana ganin shafin a zuciyarsa, wani sai ya ji ana biya masa, wani sai ya rubuta da hannunsa. A haɗa masa dukkan ukun, a fara da wadda ta fi masa sauƙi.

3. Kada a riƙa sauya masa mus'hafi. Wanda ya saba da rubutun Warshu na gida, idan aka ba shi bugun Madina mai shafi 604, wuraren ayoyin da idonsa ya riƙe za su gurɓace.

4. Mai saurin shagala a zaunar da shi kusa da malami, nesa da bakin hanya, a kuma yi amfani da lokacin bayan Asuba.

5. A dage da tishi. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma maimaici a rarrabe cikin kwanaki ya fi na zama ɗaya.

Muna kira ga iyaye su daina gwada ɗansu da ɗan maƙwabci, ga malamai kuma su bincika dalili kafin su ɗaga bulala. Allah Ya buɗa wa ƴaƴanmu basira, Ya ba malamansu haƙuri. Amin.