Kafin Ka Ce a Wanke Kabureta, Leƙa Cikin Tanki

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a turo mini tsohon babur gareji ba, kuma maganar mai shi ɗaya ce tun kafin ya kafe shi: "Oga, a wanke mini kabureta." Tun daga gida ya riga ya yanke hukunci. Sama da shekara 20 ke nan ina wannan sana'a a Kano, tun lokacin da Jincheng ta cika gari, kafin gwamnati ta hana acaɓa a farkon 2013. Abin da idona ya gani a tsawon wannan lokaci shi ne, sau da yawa kabureta ba ta da laifin komai. Abin da aka zubo mata daga sama shi take haɗiyewa. Ka wanke ta sau goma, muddin ba ka gyara inda dattin yake fitowa ba, kuɗinka kawai kake zubarwa.

A daminar bara wani dattijo, malamin firamare da ya yi ritaya, ya turo mini Honda CG125 ɗinsa, rigarsa sharkaf da gumi. Da ganin babur ɗin ka san mai shi yana ji da shi, ko'ina a goge. Ya ce, "Ɗana, sau huɗu ana wanke kaburetar nan a wata guda. Bakaniken ƙarshe ya ce in sayi sabuwa, na saya. Kwana shida ya yi lafiya, ya koma gidan jiya." Na ba shi benci na ce, "Baba, zauna ka huta. Yau ba da kabureta za mu fara ba."

Na sa yarona ya kawo farin kwano. Na zare tiyon mai daga jikin kabureta, na murɗa kok zuwa rizab, na tara kwanon. Man da ya fara zuba ja ne kamar ruwan shayi. Da ya kwanta sai na karkata kwanon na nuna wa Baba: can ƙasa ga ruwa ya dunƙule yana yawo shi kaɗai, ya ƙi haɗuwa da fetur, a gefensa kuma ga garin tsatsa kamar an barbaɗa dakakken barkono. Na haska cikin tankin da tocilar waya, ƙasansa duk ya yi ɓawo. Baba ya riƙe haɓa ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ruwa ba ya tsami banza." Raina ya ɓaci a ranar, domin kuɗin fansho ne aka sa bawan Allah ya kashe a kan abin da minti biyu sun isa a gano.

Tsohon babur ba shi da famfon da ke tura mai. Nauyin man ne yake gangaro da shi daga tanki, ya bi ta kok, ya bi tiyo, ya faɗa kofin kabureta. Saboda haka ni ma haka nake bin matsalar, daga sama zuwa ƙasa, kuma daga murfin tanki nake farawa. A jikin murfin akwai wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. In ta toshe, babur zai tashi lafiya lau, ya yi tafiyar 'yan mintuna, ya fara shaƙewa, ya mutu. Ka tsaya kaɗan ya sake tashi. Duk wanda babur ɗinsa ke yin haka, da zarar ya mutu ya buɗe murfin ya kasa kunne. In ya ji iska ta ja "fuu", ya kuma buga ya tashi nan take, to ga mai laifin nan a hannunsa. Na sha cire leda da mutane ke naɗawa a bakin tanki don kada mai ya fantsalo. Ledar ta hana yoyo, ta kuma hana tankin numfashi. Robar murfin ce ta mutu, ita ya kamata a sauya.

Shi kuwa ruwa, hanyoyinsa da yawa. Yana bi ta mataccen murfi in an bar babur a ruwan sama ko an kai shi wanki. Yana zuwa a jarkar 'yan bumburutu. Akwai kuma wanda mutane ba su cika lura da shi ba: tankin da kullum yake kusan wayam cike yake da iska, iskar damina kuma tana ɗauke da laima. Dare ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a bangon tanki, ta gangara ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka can ƙasa yake kwanciya yana cin ƙarfe a hankali. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, aikin tsatsar tanki ya ƙaru a wurina sosai, kuma na san dalili. Mutane sun koma sayen mai lita ɗaya, rabin lita, babur kullum a kan rizab yake. Shi kuma rizab daga gindin tanki yake zuƙo mai, daidai inda ruwa da tsatsa suke taruwa. Ban ga laifin kowa ba, halin rayuwa ne. Amma wanda ya sami hali ya riƙa cika tankinsa ko da sau ɗaya a wata, wanda bai samu ba kuma ya riƙa tsiyaye ƙasan tankin a kwano lokaci-lokaci yana dubawa.

Wankin tanki aiki ne na haƙuri, shi ya sa bakanikai da yawa ke gudunsa: yana cin yini, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Na Baba mun sauke shi, mun juye man, mun kwance kok, mun toshe ramin. Na ƙirga noti 20 na zuba ciki da kananzir, yara biyu suka yi ta girgiza shi suna juyawa har ɓawon ya saki. Ƙirgawar tana da muhimmanci, domin noti 20 ka zuba, 20 za ka fitar. Daga nan muka cika shi da ruwan khal, wato binega, ya kwana ya yini, muka ɗauraye sosai, muka kifa shi a rana har ya bushe ƙayau, aka zuba mai nan da nan. In ka bar wankakken tanki a buɗe kwana biyu, sabuwar tsatsa za ta rufe shi.

In tankin ya riga ya huje, a nan nake roƙon jama'a da babbar murya: kada a miƙa shi ga mai walda don kawai an juye man. Tankin da babu mai a ciki amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa. Sai an wanke shi da ruwa da sabulu sau da dama, an bar shi a buɗe har warin ya tafi, kuma mai waldar ya zama wanda ya san aikin tanki. In tsatsa ta cinye ƙasan har ya zama kamar rariya, a haƙura a sayi wani. Haka nan masu zuƙo fetur da baki ta tiyo, don Allah a daina. Kaɗan ya sarƙe mutum ya shiga huhu, magana ta koma asibiti. Duk yaron da na gani yana yi a garejina, ranar sai mun ɓata.

Kok yana da 'yar rariya a ciki, wasu kuma da ɗan kofi a ƙasa inda datti ke taruwa. A kwance a wanke. Tiyo in ya ƙandare ko ya tsattsage a sauya shi da na mai na ainihi. Farin tiyon nan da magina ke awon lebur da shi ba na fetur ba ne, 'yan watanni kaɗan zai bushe kamar kara, ranar da ya tsage kuma a kan injin mai zafi zai zubar da man. Sannan a sa 'yar filta tsakanin kok da kabureta, a bi kibiyar da ke jikinta. Kuɗinta bai kai na wankin kabureta sau ɗaya ba.

Sai an gama da waɗannan duka ake zuwa kan kabureta. Aikinta shi ne gauraya iska da mai, kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na mai in an auna da nauyi. A kofinta akwai fulot da allurarsa, su ne ke rufe hanya in mai ya kai iyakarsa. Akwai jet guda biyu: babba na gudu, ƙarami na silo. Ramin ƙaramin bai kai rabin milimita ba, shi ya sa ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta hana babur silo, sai an ja cok ko ana riƙe da totur. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga an zaro silin waya daga kebur ɗin birki ana zurkuɗa shi cikin jet. Jet tagulla ne, waya kuma ƙarfe. Zurawa biyu uku ramin ya faɗaɗa, kuma ba ya komawa. Babur ya fara shan mai kamar rairayi, hayaƙi baƙi, fulogi kullum a dafe. A jiƙa jet a maganin wankin kabureta, a hure shi da iskar kwamfuresa, a ɗaga shi saitin rana. In ka hango haske zagaye tas, ya fita. In ya ƙi, a sayi sabo mai lamba iri ɗaya da wadda aka buga a jikin tsohon.

Akwai wata sabuwar fitina da tsadar mai ta kawo, wato "a matse mini mai". Mutum ya zo yana so a sa masa ƙaramin jet, ko a sauke allurar totur har ƙasa, don lita ɗaya ta kai shi nesa. Na fahimci damuwarsa, ni ma da kuɗi nake sayen man nan. Amma injinan nan iska ce kawai ke sanyaya su, babu lagireto. In mai ya yi kaɗan a cikin gaurayen, wutar cikin injin tana ƙara zafi. Ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu da kaya niƙi-niƙi a baya, sai bawul ya ƙone ko fistin ya kama. Na buɗe injin da kan fistinsa ya huje saboda haka. Abin da mai shi ya tara na rarar mai a wata shida bai kai rabin kuɗin gyaran ba. Ni ba na yin wannan aiki ko nawa za a ba ni. Abin da nake yi shi ne in mayar da kabureta saitin da kamfani ya yi mata, sannan in nemo inda man yake ɓacewa da gaske, galibi yoyo ne, ko faɗaɗɗen jet, ko iyakilina, wato matatar iska, da ta toshe.

Fulogi ba ya ɓoye gaskiya, kuma kowa zai iya karanta shi. Bayan tafiya mai ɗan nisa, bari injin ya huce ka kwance shi. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, gaurayen ya yi daidai. In ya yi baƙi da busasshiyar kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A lokacin hunturu, da ƙurar nan tamu, soson iyakilina yakan cushe cikin 'yan makonni. A wanke shi, a shanya, a shafa masa baƙin mai kaɗan a matse. In kuwa fulogin ya yi fari fat kamar alli, injin yana cikin yunwa, a tsaya a bincika. Wani lokaci ba jet ba ne, robar da ta haɗa kabureta da injin ce ta tsage tana satar iska. Alamarta, ka saki totur amma injin ya ci gaba da kuka sama kafin ya sauko.

Kaburetar da ke ɗigar da mai ta ƙasa in an ajiye babur, allurar fulot ce ta cinye ko datti ya tokare ta. Ƙwanƙwasa kofin da gindin sukudireba na iya tsayar da shi na yau, amma ba gyara ba ne. Haɗarin ya wuce asarar mai, musamman ga masu kwana da babur a zaure ko tsakar gida kusa da murhu. Kuma wani lokaci man yakan bi ta cikin injin ya gangara ya tsinka baƙin mai. Zaro ma'aunin baƙin man ka sansana. In ka ji warin fetur, juye shi kafin ka sake tada injin. Rufe kok duk dare ɗabi'a ce da iyayenmu masu Vespa da Honda suka riƙe, mu muka yi sakaci da ita.

Masu ajiye babur su yi tafiya, 'yan ci-rani da ɗalibai da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, su ma ga tasu. Fetur yana tsufa. Cikin 'yan watanni sassauƙan ɓangarensa ya tashi, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, mai wari irin na tsohon fenti, ya liƙe jet da allura. Kafin tafiya a rufe kok, a kwance ɗan sukurun ƙasan kofin kabureta a tsiyaye abin da ke ciki.

Da muka gama da tankin Baba, na tambaye shi ina tsohuwar kaburetar. Ya ce tana gida a cikin leda, bai iya yar da ita ba. Washegari ya zo da ita. Keihin ce ta asali, wadda ta zo da babur ɗin, jikinta garau, ta fi sabuwar da aka sayar masa inganci nesa ba kusa ba. Jet ɗin silo kaɗai aka lalata da waya. Na sauya shi da allurar fulot, na mayar da ita mazauninta, na sa filta da sabon tiyo. Bugu ɗaya ya tashi. Bayan wata uku ya dawo a ɗaure masa sarƙa, na ce bari mu duba. Na kwance sukurun ƙasan kofin na tara farin kwanon nan, man ya zubo fes, babu ɗigon ruwa, babu ƙwayar tsatsa ko ɗaya.