Malamin Gona: Aikin Da Mu Ka Raina

Karatu: Ishaya 28:23-29

'Yan'uwa, a cikin wannan karatu annabi Ishaya ya kai mu gona. Ya nuna mana manomi wanda ya san lokacin da zai bar huɗa ya soma shuka, ya san wurin alkama da wurin sha'ir, ya kuma san ƙananan tsaba da sanda a ke bugunsu, ba a bi ta kansu da keken sussuka. Sa'an nan ya faɗi inda wannan sani ya fito, watau daga wurin Allah. To, idan Allah da kansa ya na koya wa mutum noma, don me mu ke ɓata rai sa'ad da ɗanmu ya ce zai karanta aikin gona? Da yawa cikinmu mu kan sayar da hatsi mu biya kuɗin makaranta, mu na addu'a yaron ya zama likita ko lauya, don kada ya ƙara taɓa fartanya. Zama likita abu ne mai kyau. Amma bari in ba ku labarin gyaɗa, ku auna da kanku.

Dattawanmu sun tuna da dalar gyaɗa a Kano. A shekarar 1975 cutar da a ke kira kuturun gyaɗa ta faɗa wa gonakin Arewa, ta lalatar da wajen hekta dubu 700. Ganye ya kan murƙushe ya yi rawaya, gyaɗar ta tsugune, a tona ba kome. Mutane da yawa su ka bar nomanta, su ka koma wake da dawa. Cutar kuwa ba sammu ba ce. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai tsotson ruwan ganye ke ɗauko ta daga shuka mai ciwo ya kai wa mai lafiya.

Wa zai yi maganin wannan? Na fari shi ne mai bincike. A Samaru, kusa da Zariya, akwai wurin binciken aikin gona tun 1922, a 1962 kuma ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. An riga an sani akwai wata gyaɗa daga wajen Burkina Faso wadda kuturun ba ya cinta, amma ta na daɗewa kafin ta nuna, daminarmu kuwa gajeruwa ce. Dole a haɗa ta da gyaɗa mai saurin nuna. Ku ji yadda a ke yi. Furen gyaɗa shi ke yi wa kansa barbara, saboda haka mai bincike ya kan durƙusa da yamma ya buɗe furen tun bai buɗe ba, ya cire sashen namiji da ɗan hantsaki. Da sassafe ya komo ya sa masa garin furen ɗaya irin. Fure ɗaya ɗaya ya ke bi. Abin da ya samu ya shuka a tsakiyar gyaɗa mai ciwo, ya zubar da waɗanda su ka kamu, ya riƙe waɗanda su ka tsaya, baɗi ya sāke. Haka su ka yi ta fid da iri bi da bi, har a 2011, tare da taimakon cibiyar ICRISAT, su ka fid da SAMNUT 24, mai saurin nuna, mai jure wa kuturu. Ku ƙidaya daga 1975, shekara 36 ke nan. Waɗansu da su ka soma aikin ba su ga ƙarshensa ba. Mai-bi wanda ya karanta Yahaya 4:37-38 ba zai yi mamakin wannan ba.

Amma iri mai kyau a ɗakin ajiya na Samaru bai ƙosar da kowa ba. Nan ne malamin gona ya shigo, shi ne manzo tsakanin mai bincike da manomi. Shi zai hau babur ya je ƙauye ya ce a shuka gyaɗa da wuri, a kuma matsa shukar kusa da juna, gama ƙwaron ya fi sauka inda ƙasa ke a fili tsakanin shuka. Manomi ba zai yarda da magana kawai ba, ya na kuwa da gaskiya, domin abincin gidansa na shekara ne a ke so ya sa a gwaji. Sai malamin ya roƙi ɗan fili a bakin hanya ya yi gonar gwaji, kowa ya gani da idonsa ran kaka.

A nan ne na ke so Ekklesiya ta kasa kunne, gama jarabar wannan aiki babba ce. Taki da iri da maganin feshi su kan bi ta hannun malamin gona. Ya na iya rubuta sunan wanda bai taɓa noma ba, buhun ya ƙare a kasuwa. Ya na iya zama a gari ya cika takarda cewa ya ziyarci ƙauyen da bai taka ba. Babu mai ganinsa, sai gwauruwar da gonarta ta rasa taki. Manzo Bulus ya faɗi abin da a ke nema ga wakili a 1 Korantiyawa 4:2, wato aminci. Idan ba mu aika da 'ya'yan da mu ka koya wa tsoron Allah ba, ba mu da bakin gunaguni a kan waɗanda su ka tafi.

Ya na bukatar tawali'u kuma. Dā masu ilimi sun yi ta faɗa wa manoma su bar gauraya gero da dawa da wake a gona guda. Da masu bincike na Samaru su ka zauna da manoman ƙasar Zazzau su ka auna, sai su ka tarar akwai hikima a ciki, domin idan ɗaya ya ƙi, wani ya kan yi. Malamin da ya je ƙauye da baki kaɗai, ya bar kunne a ofis, ya manta wanda Ishaya ya ce ya koya wa manomi tun da fari.

Na uku shi ne mai koyarwa, wanda ke hore waɗannan biyu, daga sakandare har jami'a.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Yaro ya riƙe lissafi da darussan kimiyya da kyau a sakandare. Akwai kwalejojin aikin gona, kamar na Samaru da na Kabba, inda a ke yin shekara 2 a sami difloma. Digiri na jami'a shekara 5 ne, mai son bincike kuwa sai ya ƙara gaba. Ba zan ruɗe ku ba, albashin malamin gona ba shi da yawa, sau da dama ya kan haɗa da gonarsa. Kada kuma a ce na maza ne kaɗai. A yawancin ƙauyukanmu mata ne ke ɓarar gyaɗa, su ke fid da mai da ƙuliƙuli, akwai kuma gidajen maƙwabtanmu da namiji ba ya shiga, amma malamar gona ta na yin sallama ta shiga har tsakar gida.