Ma'ana da Amfanin Kalmar "Fesa" a Hausa

Aikatau "fesa" na nufin fitar da ruwa, ko wani abu mai ruwa-ruwa, da ƙarfi ta ƙaramar kafa, har ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo. Sharuɗɗa biyu ne ke riƙe da ma'anarta: matsi da ƙanƙantar ɗigo. Su ne suka raba ta da ƴan'uwanta. "Yayyafa" aikin hannu ne, a hankali, kamar yadda ake yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. "Watsa" kuwa jefa ruwa ne da yawa a lokaci guda.

Ta fuskar tsarin sauti, idan wasalin "i" ko "e" ya biyo bayan "s", sai ganɗantawa ta mayar da ita "sh". Shi ya sa ake cewa "feshi" da "feshe", amma "feso" da "fesu". A karin harshen yamma, kamar na Tawa, inda "fita" ke zama "hita", ana jin "hesa" da "heshi".

Bisa rabon aikatau gida bakwai da Parsons ya yi a 1960, "fesa" na aji na ɗaya, "feshe" na huɗu, "feso" na shida. Sauyin aji yakan sauya karɓau. A jimlar "Manomi ya fesa magani a gona", maganin ne karɓau, kuma ba a faɗi iyakar inda ya kai ba. A "Manomi ya feshe gona da magani", gonar ce karɓau, kuma aikin ya game ta duka. "Feso" na nuna tahowar abin wajen mai magana: "Iska ta feso ruwa cikin ɗaki."

Ma'anar ta faɗaɗa zuwa abin da ba ruwa ba, muddin akwai ƙarfi da bazuwa. Ana fesa labari, ana fesa ƙarya, ana kuma feshin harsasai.

Wannan bambanci na da nauyi ga mai fassara. Idan malamin gona ko mai shirin rediyo ya ce a "yayyafa" maganin ƙwari ga wake a maimakon a "fesa", yana iya tura manomi ya tsoma hannu cikin guba. Idan ya ce "fesa" inda ake nufin "feshe", wani ɓangaren gonar na iya zama mafakar ƙwari. Ɗalibin da ke fassara irin wannan umurni sai ya tantance aikatau da ajinsa tun kafin saƙon ya kai ga manomi.