Kafin Ka Sauke Injin Nan, Ɗana

Ɗana, na ji ka ƙudurta sauke injin taraktar mahaifinka. Madalla. Zauna tukuna mu yi magana kafin ka ɗauki sifana.

Massey Ferguson 135 ce, mai injin Perkins silinda uku. An daɗe da daina ƙera irinta, ka ga ta girme ka nesa ba kusa ba, kuma ta yi huɗar fadamun shinkafa daga nan Gaya har Tara. Ba rana guda ta gaji ba, don haka kada ka sa ran tayar da ita rana guda.

Ka zaɓi lokaci. Yanzu da aka gama kaka, lokacin ke nan. Ruwa na riga sauka nan kafin sauran sassan Nijar, in ka bari sai hadarin Mayu ya haɗo, manoma za su tsaya maka a ka, ka ɗaura aiki cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, tayar da ita ka dubi hayaƙinta. Shuɗi, baƙin mai take sha. Baƙi ƙirin, ko iska ta yi mata kaɗan ko nozul ya lalace. Fari da ba ya yankewa bayan ta yi zafi, ka zargi ruwa a silinda. Injin gazuwal ba shi da fulogi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. In ringi da hannun rigar silinda suka cinye, matsin ya zurare, shi ya sa take ƙin tashi da sanyin hunturu sai an tura.

In ka buɗe, shimfiɗa buhu mai tsabta a ɗaki, ba gindin bishiya ba. Kowane fistan da murfinsa ka sa masa lamba, ya koma ramin da ya fito. Karanshaf kuwa ido ba ya auna shi. Kai shi wurin masu awo. In sun rage 0.25 na milimita, mital ɗin da za ka saya dole ya zama na wannan awon. Saboda haka awo ne farko, saye daga baya.

Na san tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023 kayan Kwatano suka yi wuya, mutane suka karkata ta Kamba har Ƙofar Ruwa a Kano. Ko ina ka je, tafi da tsohon ƙarfen a hannu ka gwada. Ringi mai araha ni ma na taɓa sawa, damina ɗaya na sake sauke injin, na biya sau biyu. Famfon mai kuma kada ka taɓa cikinsa, yana da masu shi. Ƙusoshin kan inji ka ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin ƙuruciya ba.

Ga abin da na fi so ka riƙe: ka nemo abin da ya ci injin. Sau da yawa ƙura ce, ta shiga ta tsagaggen tiyon iska ta riƙa goge silinda kamar yashi. Wani lokaci gazuwal ɗin jarka ne mai ruwa da laka, ko lagireto da ya toshe. In ka zuba sabbin kaya ka bar wannan ƙofa a buɗe, baɗi war haka muna nan zaune kan zance guda.

Ranar da ta tashi, kada ka bar ta tana ta gurnani a tsaye, kada kuma ka jefa ta laka mai nauyi. Ba ta aiki matsakaici, bayan kamar awa 50 ka juye baƙin mai, ka sauya matata.

Tashi ka je ka ciro kwanon matatar iskar nan, ka kawo mini in ga abin da ya kwanta a gindinsa. Allah ya yi maka albarka.