Share Tarkacen Kwamfuta Ba Tare da Ka Yi Asarar Furojet Ba

Lokacin rubuta furojet ya zo, ga kwamfuta ta fara nauyi, layin faifan C ya koma ja. Kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai gyara ya goge komai. Sau da yawa matsalar ba ta wuce tarkace ba, wato fayilolin wucin gadi da Windows da sauran manhajoji ke ajiyewa suna cikin aiki, su gama ba su kwashe ba.

Ga yadda ake share su:

1. Ka adana aikinka, ka rufe Word da burauza.
2. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %temp%, sai Enter.
3. Danna Ctrl da A, sannan Delete. Wanda ya ƙi goguwa ana amfani da shi ne, danna Skip ka wuce.
4. Ka kwashe Recycle Bin, don sai an yi haka wurin zai samu.

Amma fa a kula. In ka bi ta Settings, System, Storage, za ka ga Downloads cikin jerin abubuwan gogewa. Kada ka zaɓe shi, nan ne littattafai da takardun da ka sauke suke. Ɗalibin da ke hutu a Daudawa ya san darajarsu: a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Abin da ka goge bisa kuskure, ba lallai ka samu intanet ɗin sake sauke shi ba.

Ka riƙa yin wannan sharar duk wata, ka kuma ajiye kwafin furojet ɗinka a filash.