Matatar Iska: Hancin Inji Ce, Kada Mu Cire Ta

'Yan'uwa manoma, darasinmu na yau ya shafi wani ƙaramin abu da ke cikin babur, da mota, da injin ban ruwa, da injin niƙa. Sunansa matatar iska. Makanikai suna kiran ta filta. Tana zaune cikin wani akwati na roba ko na ƙarfe a gefen inji.

A Cadakori da sauran garuruwan gundumar Gidan Rumji, har zuwa Agye da Gazawa, babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai gyaɗa, wake da aya kasuwa. Shi ke kai marar lafiya asibiti cikin dare. Amma akwai wata al'ada da ya kamata mu duba. Idan inji ya rage ƙarfi, sai wasu su cire matatar, ko su huda akwatinta, wai don iska ta shiga da yawa. Wannan dabara ce ko ɓarna?

Inji ma yana numfashi

Mai ba ya ƙonewa sai da iska. Kafin inji ya ƙone lita 1 ta fetur, yana shaƙar iska kimanin lita 9,000. Wato cikin duro 45, irin mai cin lita 200. Duk wannan iska ta cikin matata take wucewa.

To, iskar ƙasarmu ba ta rabuwa da ƙura. Da zarar mun sauka daga kwaltar da ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Agye da Gazawa, sai rairayi da jar ƙasa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yana kawo hazo daga arewa maso gabas. Mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga ƙwarin Bodele a ƙasar Cadi. Lokacin nan ne kuma muke noman rani, injin ban ruwa yana aiki kullum.

Allah ya yi mana gashi da majina a hanci domin su tare ƙura. Aikin da matata take yi wa inji ke nan.

Abin da ke faruwa idan an cire ta

Na farko, ƙura tana shiga cikin inji. Ƙwayar rairayi tana da tauri ƙwarai, tana kankare ƙarfe. Tana cin fistin da zobbansa, waɗanda ake kira ringi. Tana gauraya da baƙin mai, ta bi shi ko'ina. Sannu a hankali inji zai fara shan baƙin mai, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, ya yi wuyar tashi da safe.

Na biyu, an daidaita kabureta ne da matata a wurinta. Idan aka cire ta, iska tana rinjayar mai, sai inji ya riƙa zafi fiye da kima.

Na uku, akwatin da aka huda yana barin ruwan sama ya shiga da damina.

Gaskiya ne, babur da aka cire wa matata yana ƙara ruri. Amma ƙara daban, ƙarfi daban. Ɗan ƙarfin da aka samu yau, gobe za a biya shi wajen makanike. Garin neman ƙiba an samo rama. Kuɗin matata kaɗan ne a kan kuɗin buɗe inji. Kuma idan injin ban ruwa ya tsaya lokacin da tumatir ke fure, hasarar ta wuce ta ƙarfe.

Idan kuma ta toshe fa?

Matatar da ta cika da ƙura ita ma cuta ce. Inji yana zama kamar mai mura. Ga alamunta:

1. Ƙarfi yana raguwa, musamman cikin rairayi ko da kaya.
2. Shan mai yana ƙaruwa.
3. Baƙin hayaƙi yana fita daga salansa.
4. Kan fulogi, wanda wasu ke kira buji, yana yin baƙi kamar gindin tukunya.

Maganin wannan shi ne tsabtacewa, ba cirewa ba.

Yadda za mu tsabtace ta

Mu kashe inji tukuna, ya huce. Mu share bayan akwatin kafin mu buɗe shi. Matata iri 3 ce.

Ta soso: Mu wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu. Mu matse ta a tafin hannu, kada mu murɗa ta, don tana yagewa. Ta bushe sarai a inuwa. Sa'an nan mu zuba mata baƙin mai sabo kaɗan, mu matse har ya game ta, ba ya ɗiga. Man nan shi ke kama ƙura. Kada mu wanke ta da fetur, domin gudun gobara.

Ta takarda: Ba a wanke ta, ba a sa mata mai. Mu bubbuga ta a hankali ƙura ta zube. Mu ɗaga ta wajen rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ko mun ga huda, sai a sayi sabuwa.

Mai kwanon mai: Ana samun ta a wasu injinan niƙa da tsofaffin taraktoci. Mu zubar da tsohon man, mu wanke lakar da ta kwanta, mu zuba sabo daidai layin da aka zana.

Kamfanin Honda ya ce a tsabtace matatar ƙananan injinansa bayan aikin awa 50 ko wata 3, a kuma yawaita a wuri mai ƙura. Saboda haka mu da hunturu, mu duba ta kowane mako.

Gyaran da ke da amfani

Inji ba ya bukatar ƙofa a buɗe. Iska mai tsabta yake bukata. Mu lura da manyan motocin da ke ratsa Sahara ta Agadas. Da yawa suna da dogon bututu da ke shaƙo iska daga sama, nesa da ƙurar taya, kuma matatarsu tana nan. Mu yi koyi da su:

1. Mu ɗora injin ban ruwa a kan katako, mu yayyafa ruwa kewaye da shi.
2. Injin niƙa ya shaƙi iska nesa da inda gari ke tashi.
3. Kada tsumma ko leda su rufe bakin akwatin a ƙarƙashin sirdin babur.
4. Mu duba robar da ta haɗa akwati da kabureta. Idan ta tsage, a sake ta. Ƙura a bayan matata alama ce cewa akwai kafa.
5. Soson katifa ko yadi ba sa maye gurbin matata.

Lafiyarmu

Injin da iska ba ta isar sa yana ƙara fitar da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kawo ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. Ko inji lafiyayye yana fitar da ita. Don haka kada mu tayar da janareta ko babur cikin ɗaki a rufe. Kada a saukar da injin ban ruwa cikin rijiya alhali mutum yana ciki. Wanda ya shaƙe ta, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti nan da nan.

Tambayoyi domin aji

1. Duro nawa na iska inji ke shaƙa kafin ya ƙone lita 2 ta fetur?
2. Wace matata ce ba a wankewa?
3. Mene ne alamun matatar da ta toshe?

Idan mun koma gida, kowa ya buɗe akwatin matatar injinsa, ya zo mana da labarin abin da ya gani. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da albarkar noma.